Malafar Auta

Talata, 4 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata,

Gaisuwa ce a gaba, sannan tambayar lafiyarki da ta marasa lafiyar da ke hannunki. Allah ya ba su sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan tsayuwa. Mu nan lafiya muke. Ƙafata ta dama tana kumbura in na daɗe a kan keken ɗinki, amma aiki ba ya jiran ƙafa. Baban yara yana kan hanya da babbar motarsa, sai ƙarshen wata.

Kin san ba na son magana ta waya. Abin da aka faɗa a waya iska ce, abin da aka rubuta shi ne shaida. Ko da yake kakata da kakarki ne ciki ɗaya, tun da kika yi jinyar ɗana Dogo a asibitinku har Allah ya karɓi abinsa, ba ni da 'yar'uwar da ta fi ki kusa. Yau wata takwas ke nan. Ba na kuka, kada ki damu. Ina tashi, ina ɗinki, ina kwanciya.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki biro. Shekararta bakwai yanzu, tana aji biyu, kuma kin san ita ma zabiya ce kamar yayanta. An kawo musu wata malamar lafiya da ke shiga ajinsu duk Laraba. Ta koya musu wanke hannu, yanke farce, goge haƙori da yawan shan ruwa. Wannan ban ƙi ba, ko da yake abin kunya ne a ce sai makaranta ta koya wa yaro abin da ya kamata ya fito da shi daga ɗakin uwarsa. Sai kuma ta shiga maganar rana. Wai kowane yaro ya riƙa duban inuwarsa a ƙasa, in ta fi shi gajarta, ya gudu ƙarƙashin rumfa. Ta raba wa 'yan ajin malafar yadi. Ta Auta ta fi ta kowa faɗi, kamar murfin tukunya, an haɗa mata da kwalbar wani farin mai na shafawa, an kuma dawo da ita bencin gaba.

Kin san dokar gidana. Wanda ya yi laifi ya durƙusa a kan simintin bakin famfo da tsakar rana, hannu sama, sai dogon hannun agogo ya zagayo inda ya tashi. Ni ba na duka. Ban taɓa ɗaga hannu na mari abin da na haifa ba, rana ce ke yi mini horo. Haka uwata ta yi mini, haka na yi wa Dogo, ya kuwa tashi yaron da ba a taɓa kawo mini ƙararsa ba.

Ranar Asabar Auta ta ɗauki almakashina ta yanke yadin mutane, wai za ta yi wa 'yar tsanarta malafa. Na sa ta durƙuso. Can na leƙo ta taga, sai na ga ta ja gwiwa ta koma ƙarƙashin baranda, hannu dai a sama, malafa a kai.

Na ce, "Wa ya ce ki matsa?"

Ta ce, "Umma, inuwata ta shige ƙarƙashina. Malama ta ce..."

"Malama ce ta haife ki?"

"A'a."

"To, koma."

Ta koma. Na cire malafar na kulle ta a kabad tare da kwalbar.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar da na haifi Dogo, matan layinmu suka ce ai wannan ɗan ɗaki ne, ba zai tsinana komai ba. Na ɗauki alkawari ba za a kira ɗana raggo ba. Ban ware shi ba, ban lulluɓe shi ba, abin da yaran mutane suka yi shi ma ya yi, har ya zama magini yana hawa bene hawa uku. Haka nake so ita ma ta tashi. Ka so naka, duniya ta ƙi shi.

Abu biyu nake nema. Saman kunnenta na hagu ya yi ja ya sale, yana ɓawo, ki aiko da abin shafawa na gaske. Na biyu, ki rubuta mata layi biyu da hannunki, tunda tana ganin girman farar rigarki, ki ce mata maganar uwa ce gaba da ta malama.

Yayarki

Lahadi, 16 ga Maris

Yaya,

Na samu takardarki, na gode da addu'a. Lafiyata ƙalau. Ƙafar nan ki riƙa ɗora ta a kan matashi in kin tashi daga keke. A tsaye nake rubutu, a kan teburin magunguna, mu biyu ne kawai a ɗaki mai gado talatin.

Don Allah ki mayar wa Auta malafarta yau ɗin nan. Man da aka ba ta shi ne na gaske, ki shafa mata a fuska, kunne, wuya da bayan hannu kafin ta fita. Kada ta ƙara durƙuso a bakin famfo. Layi biyun da kika nema ba zan rubuta ba. In an yi hutu ki aiko mini da ita, ina so likitan fata ya ga kunnen.

Sauran magana sai na samu zama.

Ƙanwarki

Alhamis, 27 ga Maris

Zuwa ga ƙanwata,

Ina gaishe ki, tunda ni an koya mini fara takarda da gaisuwa mai tsawo ko da ina sauri. Muna lafiya. Ƙafa da sauƙi. Baban yara ya zo ya kwana biyu ya koma.

Na karanta takardarki sau uku. Na nemi magani, kin aiko mini da umarni. Lokacin da nake aji biyar a sakandare ke ko tafiya ba ki fara ba, yau ke ce kike jero mini abin da zan yi da wanda ba zan yi ba a tsakar gidana. Ba laifinki ba ne. Zamani ne ya zo da haka, kowa ya sa farar riga sai ya ga uwaye ba su san komai ba.

Amma layin da ya tsaya mini shi ne na ƙarshe. In aiko miki da ita. Na aiko miki da ɗaya da ƙafarsa, da ɗan gyambo a wuya wanda bai fi tafin jariri ba. Wata uku, aka dawo mini da jakarsa da takalmin aikinsa. Ban ce laifinki ba ne, kwana ne ya ƙare. Amma ki faɗa mini gaskiya, hutu kike nufi, ko kuwa kin yanke cewa ban iya riƙon yaro ba, kina neman hanyar raba ni da ita cikin ladabi?

Na tambaya ne saboda abin da ya faru ranar Litinin. Malamar lafiyar nan ta zo mini har shago. Yarinya ce, ba ta kai ki ba, da lemarta da jakarta. Ta gaishe ni da kyau, wannan ba zan hana ta ba.

Ta ce, "Mama, malafar ɗalibata na zo nema."

Na ce, "Tana hutawa."

Ta yi dariya ta ce, "Ai ita malafa a ka take hutawa."

Na ce, "Ke 'ya'yanki nawa?"

Ta ce, "Ɗari biyu da sha, duk Laraba."

"Na cikinki nake tambaya."

"Tukuna."

"To in kin haifa, ki zo mu yi magana."

Ba ta tashi ba. Ta zauna a kan bencin masu jira, ta fito da wani ɗan littafi mai hotuna, ta fara yi mini bayanin fata kamar ni ce 'yar aji biyu. Wai fatar Auta ba ta da abin da ke tare rana, wai ƙunar yau ba ta tafiya, taruwa take yi. Na ce mata ni na raini zabiya shekara ashirin da biyar kafin ta san hanyar makarantar koyon aikinta. Ta tambaye ni ina yake. Na ce ya rasu. Ta yi mini gaisuwa, ta ajiye littafin a kan tarin yadi, ta ce in kunnen ya ci gaba dole ta sanar da shugabar makaranta, don aikinta ke nan.

Kin ga ita da shugaba a gefe guda, ke da likita a ɗaya gefen, ni da na haife ta ina tsakiya kamar mai laifi. Littafin na sa shi a ƙarƙashin ƙafar tebur, dama yana rawa.

Malafa tana kabad. Auta tana gidan ubanta. Ina jiran amsarki.

Yayarki

Laraba, 7 ga Mayu

Ƙanwata,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta hana ki rubutu ba rashinta ba. Mu nan yadda kika sani.

Sati shida ke nan. Hutu ya zo ya wuce. In fushi kike yi, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, kuma ƙaramin ne ke neman babba. In kuwa kin ga ban kai a ba ni amsa ba, shi ma ki rubuta, in sani.

Auta ta daina gardama. Sau biyu ta yi laifi a watan nan, sau biyun ta je bakin famfo da kanta tun kafin in faɗa. Ba ta matsawa. Sai dai maimakon ta ɗaga hannu sama, takan rufe kunnuwanta da su. Na bar ta. Kunnen ya warke ya sake salewa, yanzu har da leɓen ƙasa da bayan wuya. Ina shafa mata man da nake shafa wa kaina.

Shekaranjiya ina yi mata wanka na ga wurin a bayan wuyanta, sai na tsaya da soso a hannu. Ban san tsawon lokacin da na tsaya ba. Ita ce ta ce, "Umma, ruwan ya huce." A daidai wurin gyambon Dogo ya fara. Ban ce akwai wata alaƙa ba, ina dai faɗa miki abin da na gani.

Abinci ba ya yi mini ɗanɗano, amma ina ci.

Yayarki

Asabar, 17 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki gaisuwar ƙanwa ga yayarta, ina tambayar ƙafarki, da Auta, da baban yara. Lafiyata ƙalau. Ba fushi nake yi ba, kuma ban raina ki ba. Sau huɗu na fara takardar nan ina yagawa, domin akwai alkawari a kaina. Da na karanta maganar bayan wuyan Auta, na ga in na ci gaba da riƙe alkawarin mamaci zan ci amanar mai rai.

Da Dogo ya rasu kin tambaye ni mene ne, na ce miki gyambo ne ya ci jiki. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba. Ciwon daji ne na fata. Likita ya ce rana ce ta jawo shi, ranar shekara da shekaru a kan fatar da ba ta da kariya. Da aka kawo shi ya riga ya shiga ciki.

A gabansa likita ya faɗa. Da ya fita, Dogo ya ce mini, "Anti, kada Umma ta ji. Za ta ce ita ce. Kuma kin san ta, ba za ta yi kuka ta huta ba, riƙewa za ta yi." Na ce na ji. Ya ce in rantse, na rantse.

Bai riƙe ki a zuciya ba, Yaya, wannan ma ki sani. Yakan ba 'yan ɗakin labarinki suna dariya. Ya ce duk garin babu wanda ya kai shi sanin simintin bakin famfonku. Wai akwai wata tsaga a gefen magudana mai kama da kifi, har da ido, ba a ganinta sai an durƙusa. Ya ce da ita yake hira har agogo ya zagayo, ya sa mata suna Abokina. Ya ce, "In kin je gidanmu ki gaishe mini da shi." Sannan ya daina dariya ya ce, "Amma ki sa ido a kan Auta."

Ban sa ba. Na ɗauka tunda mace ce tana ɗaki. Sai da takardarki ta farko ta zo na gane, na kuwa rubuta miki amsa a tsaye cikin tsoro, shi ya sa ta fito kamar umarni.

Ba durƙuso kaɗai ba ne. Shekara tara ya yi a kan gini ba hula, wuya a buɗe. Kuma ya faɗa mini abin da ya fitar da shi daga makaranta ba lalaci ba ne, allo ne ba ya gani daga bencin baya, bai kuma san sauran yara suna gani ba. Babu wanda ya gaya miki. A lokacin ba wata malama da ke shiga aji da malafa. Ni kaina na zo gidanki yana ɗan shekara goma sha biyu, ina shekarar farko a makarantar jinya, na same shi a bakin famfo ya yi jawur. Na ce masa, "Mai laifi, yau kuma me aka yi?" na wuce ciki na ci abinci. In za a raba laifi, a ba ni kasona.

Na Auta, yadda kika kwatanta, ƙuna ce, kuma a shekarunta ana iya tare abin. Malafa, riga mai dogon hannu, man nan, da rumfa in rana ta take. Abin da yarinyar nan mai lema take koya musu ke nan. Ba na neman raba ki da 'yarki. Ina zan kai ta, ni da ɗaki ɗaya da aikin kwana? Likita ya duba ta, ta koma miki.

In kin ga dama ki daina yi mini magana bayan wannan. Amma ki buɗe kabad tukuna.

Ƙanwarki

Litinin, 2 ga Yuni

Zuwa ga ƙanwata,

Ina gaishe ki, ina yi miki fatan lafiya da sauƙin aiki. Muna nan. Ƙafa ta sake kumbura, ina ɗora ta a kan matashi kamar yadda kika ce.

Takardarki ta same ni ranar Juma'a ina haɗa hannun wata riga. Na karanta, na ninke, na ƙarasa hannun, na haɗa ɗayan. Mai rigar ta zo ta karɓa ta ce ta yi kyau. Ban ji komai ba. Har yanzu ina jira in ji.

Karya rantsuwa ba ƙaramin abu ba ne, ki nemi gafarar Allah a kai. Ni ban riƙe ki ba.

Washegari Asabar, da agogo ya buga sha biyu, na fita na durƙusa a bakin famfo. Na ɗaga hannu. Ban taɓa ganin wurin a durƙushe ba, kullum daga taga nake ganinsa. Simintin yana cin gwiwa ta cikin zane. Bayan wuya ne ke fara ɗauka, sannan saman kunne. Ni da fatata baƙa. Uwata a ƙarƙashin bishiya take sa ni, sai a ranar na tuna. Gidanmu na da akwai bishiya a tsakar gida, nawa babu.

Na ga kifin. Yana nan a gefen magudana, da idonsa. Na gaishe shi.

Auta tana baranda tana kallona.

Can ta ce, "Umma, me kika yi?"

Na ce, "Laifi."

"Wa ya sa ki?"

"Ni."

Ta ce, "Inuwarki ta shige ƙarƙashinki."

Na ce, "Na gani. Je ki gwangwanin maɓallai, akwai mabuɗi a ciki. Buɗe kabad."

Ta dawo da malafar a hannu, ta tsaya a bakin baranda. Ta miƙo mini ita.

Na ce, "A kanki."

Ta sa. Da na tashi na dubi agogo, dogon hannun daga sha biyu huɗu kawai ya kai. Dogo kuwa sai hannun ya zagayo nake ce masa ya tashi. Tun yana ɗan shekara biyar.

Ranar Laraba na je makarantar. Na ciro littafin daga ƙarƙashin tebur na tafi da shi, ƙafar ta huda shi a tsakiya amma yana karantuwa. Na sami malamar tana jera yara a bakin famfonsu suna wanke hannu. Ban ba ta haƙuri ba, ba ta kuma nema ba. Na ce ɗinkin malafunta bai da kyau, bakin zai saki kafin a yi wanki uku. Ta ce ai ba ta san tela ba. Na ce yanzu ta sani. Na karɓo guda goma sha ɗaya zan sake bin ɗinkin. Rigunan Auta na makaranta na ƙara musu hannu har wuyan hannu da kwala mai tsayi, shugaba ta yarda.

Kada ki ɗauka na daina horo. Jiya ta yi mini ƙarya a kan goge haƙori, ta tsaya ta fuskanci bango a ɗaki. Yaro ba ya tashi da malafa kaɗai.

Auta ba aiko ta zan yi ba. Ni zan kawo ta, ranar sha huɗu ga wata, in Allah ya kai mu. Ki nema mana ganin likitan, har da na ido in akwai. In an gama ki kai ni inda aka sa Dogo. Lokacin ban tsaya na gane wurin ba.

Baban yara bai sani ba tukuna. In ya dawo zan ba shi takardarki ya karanta da kansa.

Da safen nan ni da maƙwabciyata muka mirgino duron ruwa muka ɗora a kan simintin, yanzu ba wurin gwiwa. Ta ce in matsa da shi gefen magudana zai fi zama daidai. Na ce a bar shi haka. Kifin na bar shi a waje.

Yayarki